Amsa ga ɗan'uwan da aka liƙa wa sunan mai rajin kare haƙƙin dabbobi

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi ma'anar wannan suna da asalinsa, bayan an riƙa tsokanarka da shi don ka hana yara dukan jaki, kuma tambayar ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi.

Shekara huɗu ke nan, a wata kara a nan Bauchi, ana lodin shanun da za a kai Kudu, wani farin bijimi ya durƙushe a bakin tirela saboda gajiya da ƙishirwa. Yaran lodi suka rufe shi da sanduna, ɗaya ya kama wutsiyarsa yana murɗawa har na ji ƙarar karyewarta. Na roƙe su su ba shi ruwa ya huta. Sai wani dillali, dattijon da nake durƙusawa in gaishe shi tun ina yaro, ya ɗaga murya ya ce ga lauyan shanu ya iso, a ba shi kujera. Aka fashe da dariya, har da waɗanda muka ci tuwo tare da safe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin nan alhaji ne, ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, amma har yau da wannan sunan yake kirana.

Kalmomin kansu ba baƙi ba ne, domin haƙƙi da dabba duk daga Larabci muka aro su, raji kuwa dagewa ne a kan abu. A ganina an ɗinka jimlar ne a kan ta masu rajin kare haƙƙin ɗan Adam da muke ji a rediyo. Aƙidar da take nufi kuwa daga Turai ta zo. A 1822 majalisar Birtaniya ta yi dokar hana azabtar da shanu da dawaki ta hannun Richard Martin, a 1824 kuma aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan. Waɗannan tausayi suka nema, ba su hana yanka ba. Daga baya ne Henry Salt a 1892, sai Peter Singer ɗan Ostireliya a 1975, suka yi rubutun da ya ƙarfafa masu ƙin cin nama da kiwo don yanka, kuma su ne sunan ya fi dacewa da su a yau.

Saboda haka ni da kai ba mu cikinsu, Malam. Ina cin tsire, ina layya duk shekara, abin da nake cewa kawai a wasa wuƙa, kada a wasa ta a gaban dabbar.

Kada ka yi musu a cikin taro, nan na yi kuskure. Ka samu mai jakin shi kaɗai, ka nuna masa gyambon da mangala ta yi wa bayansa, ka ce jaki mai miki ba ya jure kaya. Ni ma sai da na fara yi wa fatake maganar kuɗi, cewa naman da ya sha duka jini yake tarawa kuma mahauta rage farashi suke yi, sannan wasu suka fara ajiye baro da ruwa a wurin lodi.