Tambaya da Amsa: Ƙurar Hatsi, Rumbu da Aikin Mai Bincike

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a babban wurin ajiyar masara da alkama. Wani injiniya ya ce ƙurar da ke kwance a kan ƙarafan rufi tana iya tarwatsa ginin. Ni kuwa na taɓa ganin wuta ta taɓa tarin ƙura, hayaƙi kawai ya yi. Ina gaskiyar maganar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani haka yake, injiniyan ma bai yi ƙarya ba. Ƙura a tare ba ta samun iska sai ta samanta, shi ya sa take cin wuta a hankali. Da zarar ta tashi ta gauraye da iska, kowane ɗigo nata iskar oksijin ta kewaye shi, sai duka su kama lokaci guda. Abu biyar ne ke haɗuwa kafin fashewa: ƙura mai laushi da ta bushe, oksijin, tartsatsi ko zafi, tashin ƙurar sama, da rufaffen wuri da zai riƙe matsin. In aka cire ɗaya, ba za a yi fashewa ba.

Ƙurar hatsi kan fara zama haɗari idan ta kai wajen giram 50 a kubik mita ɗaya na iska. Wannan kauri ne da mutum ba zai hango fitila daga 'yan taku ba, kuma ba a cika samunsa a filin aiki ba sai a cikin injuna: bel mai bokitai da ke ɗaga hatsi, injin niƙa, matatar ƙura. Saboda haka a can fashewar farko take farawa, galibi 'yar ƙarama. Girgizarta ce ke kakkaɓo ƙurar da ke kan ƙarafa, fitilu da bututu, wutar farko ta same ta a sama, sai ta biyu ta biyo baya. Ita ce mai rusa gini da hallaka mutane. Yi lissafin da kanka: ƙura mai kaurin milimita 1 a ƙasa, idan kubik mita ɗaya nata ya kai kilo 500, to in ta watsu a ɗaki mai tsawon mita 5 daga ƙasa zuwa rufi za ta ba da giram 100 a kowace kubik mita. Ta ninka abin da ake tsoro ke nan.

Amurka ta ɗanɗana wannan. A 1878 masana'antar niƙa ta Washburn da ke Minneapolis ta fashe, mutum 18 suka rasu. A Disamban 1977 rumbun Westwego a jihar Louisiana ya kashe mutum 36, bayan kwana biyar na Galveston a Texas ya kashe 18. Bayan waɗannan ne hukumar kare lafiyar ma'aikata ta ƙasar, OSHA, ta fitar da dokar wuraren ajiyar hatsi a 1987, wadda ta ce kada ƙura ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci, wato kimanin milimita 3, a wuraren da suka fi haɗari.

Tambaya: To me ya kamata mu riƙa dubawa kullum?

Amsa: Fara da shara, don ita ce ta fi arha kuma ta fi hana asarar rai. A yi jadawali a rubuce, kowane sashe da mai kula da shi, a kuma haɗa da sama, ba daɓe kaɗai ba. A yi amfani da tsintsiya mai laushi ko injin zuƙe ƙura wanda aka ƙera don irin wannan wuri. Abin da muka fi hanawa shi ne hure ƙura da iskar kwamfuresa alhali injuna na aiki, domin mai yin haka da hannunsa yake haɗa gajimaren da ake gudu.

Sai mafarin wuta. Boris, wato ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, idan ya rasa giris yakan yi zafi har ya kunna ƙurar da ke kansa, don haka a sa masa na'urar auna zafi. Bel da ya saki yakan riƙa zamewa a kan fuli, wato ƙafar da ke juya shi, yana gogayya. Ana sa na'urar da za ta kashe injin idan gudun bel ɗin ya ragu da kashi 20 cikin ɗari. Idan bokitai suka cushe, kada a yi ta kunnawa da kashewa don a tilasta su, a kashe a buɗe a kwashe. A sa raga da maganaɗisu a mashigar hatsi don tare ƙusa da guntun ƙarfe. Walda kuwa ba a yin ta sai da rubutaccen izini: a tsayar da injin, a share kewaye, a kuma bar mutum yana gadi bayan an gama, saboda garwashi kan ɓuya cikin ƙura.

Tambaya: Masararmu ta dunƙule a rumbun ƙarfe ta ƙi fita. Ba laifi mutum ya shiga ya farfasa ta?

Amsa: Kada kowa ya shiga alhali injin fitar da hatsi na aiki. Hatsi mai gangarowa kan riƙe ƙafar mutum cikin daƙiƙa huɗu ko biyar, ya binne shi kafin minti ɗaya. Ɓawon da ya daskare a sama kuma sau da yawa rami ne a ƙarƙashinsa. A fara gwada farfasawa daga waje da doguwar sanda, ana kiyaye wayar lantarki. In shiga ta zama dole, a kashe wutar lantarkin injin a sa kwaɗo, a auna iskar ciki, mai shiga ya ɗaura ɗamara mai igiya, wani kuma ya tsaya a bakin ƙofa. Asalin matsalar danshi ne: masarar da za ta daɗe ana so danshinta ya sauka zuwa kashi 13 ko 14 cikin ɗari. Sama da haka fumfuna ta kama ta, ta yi zafi, ta manne.

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai karanta injiniyancin noma. Mene ne ainihin aikin mai bincike a wannan fanni, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Madalla, Malama, fannin yana neman mutane. Rabin aikin a ɗakin gwaji yake. Ana tankaɗe ƙura a auna girman ɗigonta da danshinta, a hura ta cikin wata tukunyar ƙarfe mai cin lita 20, a kunna mata wuta, a rubuta iyakar matsin da ya taso da saurin tasowarsa. Da waɗannan alƙaluma ake lissafa girman ƙofofin da za su ɓalle su saki matsin waje kafin bango ya tsage. Sauran aikin a rumbu yake: yadda iskar fanka ke ratsa hatsi, yadda danshi ke ƙaura daga gefe mai ɗumi zuwa mai sanyi, da dalilin da ya sa dusa da karyayyen hatsi ke taruwa a tsakiya su toshe iska.

Ki ƙarfafa ilimin zafi, gudanar iska da ruwa, da lissafin ƙididdiga, ki koyi sarrafa na'urorin awo da kwamfuta. Digiri na biyu da na uku su ne hanyar shiga bincike. Jami'o'in Purdue, Kansas State da Iowa State a Amurka sun yi suna a nan, Purdue ma tana fitar da rahoton fashewar ƙurar hatsi duk shekara. Amma kafin ki zaɓi abin da za ki bincika, ki nemi zama na 'yan watanni a wurin ajiya na gaske lokacin kaka, ki tambayi masu shara da makanikai inda ƙura ta fi taruwa da injin da ya fi ba su wahala.