Baƙin Akwati a Ƙarƙashin Sitiyarin 504

Tambaya: Malam, na sayi tsohuwar Peugeot 504 a nan Tahoua. Ƙarƙashin sitiyari akwai baƙin akwati kamar sabulu mai wayoyi da yawa, ga ƙaramar jar fitila. Batir kuma yana mutuwa in motar ta kwana biyu a ajiye. Mene ne wannan?

Amsa: Alhaji, alamu sun nuna ƙararrawar ɓarayi ce da aka ɗaura daga baya. Duba jikin akwatin, sau da yawa akwai suna kamar Cobra ko Gemini. Buɗe murfin inji kuma, za ka ga jiniyarta, wani lokaci da ramin ƙaramin makulli.

Kashe komai, cire wayar batir ta mas (mai alamar -), sa mitar auna wuta tsakanin wayar da kan batir ɗin da ka cire ta. In wutar da ke zuba ta wuce miliyamfa (mA) 50 a kan mita, zare fis ɗin akwatin. Ta sauka? To shi ke shanye batir.

Amma don Allah kada ka yanke wayoyin barkatai. Irin waɗannan na'urori kan katse wayar tada inji su bi da ita ta cikinsu, in ka fizge akwatin mota ba za ta tashi ba. Bi kowace waya, nemo bakin biyun da aka yanke masu launi ɗaya, haɗa su da dalma, ka naɗe da tef.