Amsar tambayar ƙanena kan adalci a dokar Rumawa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari tambayarka, wai Rumawan da, masu tara bayi da cin garuruwa, har suna da abin da za a kira adalci? Suna da shi. Bari ka ji.

Da fari doka a ƙirjin manyan gari take, talaka bai san laifin da za a kama shi da shi ba sai an kama shi. Talakawa suka yi ta matsa lamba har aka naɗa mutum goma, a shekarar 451 zuwa 450 kafin haihuwar Annabi Isa, suka rubuta dokoki a alluna goma sha biyu, aka kafa a dandalin birnin Rum kowa ya gani.

To, abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Allunan sun ce wanda ya ci mutuncin wani, kamar ya mare shi, tararsa kwabo 25 na tagulla. Zamani ya ja, kuɗin suka zama ba a bakin komai ba. Sai ga wani attajiri, Lucius Veratius, yana yawo a titi, bawansa na biye da jakar kuɗi. Duk wanda ya ga dama sai ya ɗauke shi da mari, ya ce bawa ya ƙirga masa 25. Ka ga a rubuce ya biya tarar da doka ta yanka, amma wallahi zalunci ne tsagwaronsa. Manyan jami'an shari'arsu, waɗanda suke kira fireto, suka ajiye tsohuwar tarar, suka ce a riƙa duba girman cin mutuncin a yanke diyya daidai da shi.

Masaninsu Ulpian ya ce adalci shi ne tsayayyar niyyar ba kowa haƙƙinsa. Wani masanin nasu, Paulus, kuma ya ce hujja tana kan mai da'awa, ba kan mai musu ba, maganar da kunnenmu ya saba ji a kotunan shari'a. Sarkin Rumawa Justinian ya sa aka tattara waɗannan maganganu na masana, aka fitar da su a shekarar 533 bayan haihuwar Annabi Isa.

Amma damuwarka tana da tushe, ƙanena, kuma ni ma tana ci mini rai. A allunan nan, karya ƙashin ɗa kwabo 300 ne, na bawa 150. Kuma idan za a karɓi shaidar bawa a gaban shari'a, sai an gana masa azaba tukuna.