Shin kowane jirgin sama na ɗauke da jami'i mai bindiga?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa duk jirgin fasinja akwai jami'in tsaro na farin kaya mai bindiga a cikinsa. Gaskiya ne? In kuma ya yi harbi a sama, harsashi ba zai huda jirgin ya kayar da shi ba?

Amsa: Ba kowane jirgi ba, malam. Amurka ma, da ta fara wannan tsari a farkon shekarun 1960 saboda masu karkatar da jirage zuwa Kyuba, jami'ai 33 kacal take da su ranar harin 11 ga Satumba 2001. Daga baya aka ɗauki dubbai, duk da haka ba su isa ko'ina ba. Ana zaɓar jirgin ne bisa bayanan sirri da haɗarin hanyar. Kamfanin El Al na Isra'ila ne ya yi suna wajen sa su a jiragensa na ƙetare, Indiya kuwa ta ƙarfafa nata bayan 'yan fashi sun karkatar da jirginta zuwa Kandahar ta Afghanistan a Disambar 1999.

Babban aikin jami'in shi ne tsare ƙofar ɗakin matuƙa. Shi ya sa yawanci ba ya tafiya shi kaɗai, kuma yakan zauna a kujerar gefen hanya, inda yake hango ƙofar. Kyaftin ya san da shi, fasinja bai sani ba. In wani ya bugu yana hayaniya a baya, galibi ma'aikatan jirgi yake bar wa, domin 'yan fashi na iya tayar da rigimar ƙarya don ya miƙe su gane shi. Da an gane shi, bindigarsa ce abin da za su fara nema.

Batun harsashi, ramin da yake yi bai kai kaurin babban yatsa ba. Jirgi dama yana da bawul da ke fitar da iska koyaushe, mai faɗin da ya ninka wannan rami nesa ba kusa ba, sai na'ura ta ɗan tsuke shi iska ta daidaita. In ramukan sun yi yawa ko taga ta fashe, abin shaƙar iska zai sauko, matuƙi ya yi ƙasa zuwa kusan ƙafa 10,000. Haka ta faru a jirgin Masar a Nuwambar 1985: jami'in tsaro ya harbe ɗan fashi ɗaya, musayar wuta ta huda jikin jirgin, amma ya sauka a Malta. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne fasinjojin da ke cunkushe, da wayoyin lantarki, da bututun man da ke motsa sassan jirgi. Don haka ake amfani da harsashi mai ramin baki, wanda ke buɗewa ya tsaya a jikin wanda aka harba. Kuma bindiga ba ta maganin gurneti. A Disambar 1986 masu gadin jirgin Iraƙi sun yi artabu da 'yan fashi, gurneti ya tashi, jirgin ya faɗi kusa da Arar a Saudiyya, mutum 63 suka rasu.

A ganina ƙofar ɗakin matuƙa mai sulke, wadda aka wajabta wa manyan jirage a 2003, da binciken kaya a ƙasa, sun fi jami'in hana fashi. Jirgin Nigeria Airways da matasa huɗu suka karkatar zuwa Yamai ranar 25 ga Oktoba 1993, a filin jirgin Legas aka yi sakaci tun kafin ya tashi.

Shiga wata ƙasa da bindiga kuwa sai ƙasashen biyu sun amince. Yarjejeniyar Montreal ta 2014, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020 bayan Najeriya ta zama ƙasa ta 22 da ta tabbatar da ita, ta ba kyaftin damar neman taimakon jami'in, amma ba ta ba shi ikon tilasta masa ba.