Ƙanwata, ga yadda Disamba take a Ingila

Assalamu alaikum ƙanwata. Ina fata kuna lafiya, ya su Abba da Umma da sauran yaran gida? Na saurari saƙon muryarki, barka da samun gurbin karatu, Allah Ya sanya albarka. Kin ce Abba ya ga bidiyon titunan Ingila lulluɓe da fitilun Kirsimeti, ana ta kiɗa da shaye-shaye, hankalinsa ya tashi kada a kai 'yarsa inda za a tilasta mata bikin da ba nata ba. Ke kuma kina son sanin me za ki tanada kafin hunturunki na farko.

Ki fara kwantar wa Abba da hankali. Ba wanda zai kama hannunki ya kai ki coci, ba kuma malamin da zai rage miki maki don kin ƙi sa jar hular Kirsimeti. Abin da na ga yana kayar da yaranmu a Disamba shi ne duhu, shiru da kaɗaici, kuma su ne ba a ɗaukar bidiyonsu.

Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, Najeriya ta shige gabanmu da awa guda. Daga nan dare yake fara cin rana. Zuwa 21 ga Disamba, a nan Manchester rana ba ta fitowa sai bayan takwas da kwata, kafin huɗu na yamma kuma ta faɗi. Ko a ɗan tsakanin nan ma ba lallai ki ga ƙwayarta ba, sai gajimare da yayyafi. Azahar tana shiga jim kaɗan bayan sha biyu, la'asar kafin biyu, magariba kafin huɗu. Lacca ɗaya mai tsawo sai ta haɗiye miki salloli biyu kina zaune. Don haka makon farko da kika sauka ki nemi ɗakin sallar makarantarku, ki san hanya mafi kusa daga ajinku, ki kuma saba fita daga gida da alwala. Daɗin abin guda ɗaya, mu matan nan duk a Disamba muke biyan bashin azumi, kafin ki ji yunwa an sha ruwa.

Rashin ranar nan yana taɓa jiki da zuciya. Hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, tana ba kowa shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 a kullum a lokacin kaka da hunturu, masu baƙar fata da masu rufe jiki irinmu kuwa an ce mu yi tunanin shan sa duk shekara. Yana da araha, ko a kantin kayan abinci akwai. In kika ga kin fara barci ba ƙaƙƙautawa, kina kuka ba dalili, ba kya son ɗaga waya, kada ki ce aljanu ne ko ki yi shiru don kunya. Ki kira ni, ki kuma ga likita. Ki yi rajista da likitan unguwarku tun zuwanki, kada ki bari sai ciwo ya zo.

Shi bikin kansa tun Nuwamba yake soma kunno kai. Ranar 5 ga Nuwamba da dare za ki ji ƙara ko ta ina kamar ana harbi. Wasan wuta ne na wata tsohuwar al'adarsu, haka kuma za a sake yi daren 31 ga Disamba. Na faɗa miki ne saboda duk wanda ya taso a Arewa a shekarun nan, jin farko sai gabansa ya faɗi. Daga nan kasuwannin Kirsimeti su cika tsakiyar gari, rumfunan katako jere, ana sayar da tsiren alade irin na Jamus da giya mai zafi da kayan ƙawa. Abin da Abba ya gani ke nan. Ki je ki ba idonki abinci in kina so, ki sayi koko mai zafi ki wuce, ba mai kallonki.

Sai ranar 24 ga Disamba da yamma, jajiberin Kirsimeti, gari ya fara mutuwa. Ranar 25 babu jirgin ƙasa ko ɗaya a ƙasar, na ƙarƙashin ƙasa a Landan ma a rufe yake, bas kuwa sai ɗaiɗai in ma akwai, tasi ta ninka kuɗi. Wata doka ta 2004 ta hana manyan kantuna buɗewa ranar a Ingila da Wales, sai ƙananan shagunan unguwa, waɗanda da yawansu na 'yan Pakistan da Indiya ne. Ki ɗauka ranar Sallah ce amma an cire yawon Sallah: ba yara a titi da sababbin kaya, ba mai shigo miki da kwanon tuwo, kowa ya rufe ƙofa da iyalinsa, kuma ba a zuwa gidan mutum sai an gayyace ka. Ƙawayena Kiristoci 'yan Jos da Kafanchan sun fi ni kokawa da wannan, su da suka saba da shinkafa tana zaga gidajen maƙwabta har da na Musulmi. Ɗakunan kwanan ɗalibai su zama kufai, domin Turawan duk sun tafi gida, laburare ma yakan rufe tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara. Wanda bai shirya ba sai ya kwana uku bai yi magana da ɗan Adam ba. Saboda haka kafin 22 ga wata ki cika firji, ki karɓi duk maganin da kike sha, kuma tun Nuwamba ki san a gidan wa za ki wuni ranar 25. In garinku ba nisa, nawa gidan a buɗe yake, amma ki iso tun 23, kada jirgi ya bar ki.

Su kansu Turawan ba bakinsu ɗaya a kan bikin ba, kuma sanin wannan zai rage miki ɗari-ɗari. A ƙidayar 2021, kashi 46.2 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales ne suka ce su Kiristoci ne, karon farko ke nan da suka gaza rabi. Kashi 37.2 sun ce ba su da addini, Musulmi kuma kashi 6.5. Yawancin abokan aikina ba sa taka coci ko ranar 25. A wurinsu rana ce ta haɗuwar dangi, gasasshen talotalo, kyaututtuka, sai jawabin Sarki ƙarfe uku na rana, wasu su kalla wasu su yi barci. Akwai masu ibada da gaske, su kuma kukansu shi ne 'yan kasuwa sun ƙwace musu biki. Akwai masu ƙin watan gaba ɗaya saboda bashin da yake jefa su, ko don wani nasu ya rasu kujerarsa ta zama wayam. Wannan jayayya ba yau aka fara ba. A 1647 majalisar ƙasar da kanta ta haramta bikin, masu tsananin addini na lokacin suna ganin sharholiya ce da ba ta da tushe a Littafinsu, sai 1660 aka dawo da shi. A Scotland bai zama ranar hutu ba sai 1958, shi ya sa har gobe sun fi ɗaukar daren sabuwar shekara da zafi. Bishiyar da ake ƙawatawa ma al'adar Jamusawa ce, ta bazu ne bayan wata jarida ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert, Bajamushe, tsaye gaban tasu a 1848.

Na san inda tambayar Abba ta dosa, wato in an ce miki barka da Kirsimeti me za ki ce. Ni ba malama ba ce, amma ga abin da yake a fili. Malamai irin su Shaikh Ibn Usaimin sun hana taya murnar, suna ganin yarda ce da abin da bikin ya ginu a kai. Majalisar Fatawa ta Turai da Darul Ifta ta Masar sun halatta gaisuwar a matsayin kyautata wa maƙwabci, suna kafa hujja da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, muddin ba a shiga ibadar ba. Musulmin nan ma haka suka rabu. Kin dai ga yadda ake kwasar Mohamed Salah a intanet duk shekarar da ya ɗora hotonsa da iyalinsa gaban bishiya. Akwai gidajen Musulmi da suke gasa talotalon halal ranar don kowa yana hutu, akwai waɗanda ko kati ba sa karɓa. Shawarata ita ce ki zauna da Abba da malamin da kuka yarda da shi tun kina gida, ki yanke iyakarki, ki zo da ita. Mai shan wahala ita ce wadda ba ta yanke ba, yau ta bi ƙawaye gobe ta kwana tana nadama, ko kuma ta ɗaure fuska har a ɗauka gaba take yi da mutane. Ni dai in an gaishe ni nakan ce na gode, a sha hutu lafiya, a gaida iyali. Ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba. Baturen nan bai damu da kin ƙi ba, yadda kika ƙi shi yake riƙewa.

A wurin aikina ma Kirsimeti ciniki ne mai daɗi. Ina karɓar aikin ranar 25 don wata ta zauna da 'ya'yanta, in Sallah ta zo ita kuma ta tsaya mini, tunda ba a ba da hutun Sallah a nan.

Inda za ki buɗe ido sosai shi ne abinci da liyafa. Ajinku ko wurin aikinki za su shirya walimar ƙarshen shekara, sau da yawa a mashaya. In abincin rana ne a gidan abinci nakan je, in ci kifi ko na ganye, in yi sallama kafin kwalabe su fara yawa. In mashaya ce zalla sai in ba da haƙuri tun da wuri, shi ke nan. Akwai wani ɗan tsiren alade da ake naɗe shi da wani naman aladen, ana ajiye shi gefen talotalo a faranti ɗaya. Kek ɗinsu na Kirsimeti da wasu cakulan da ƙananan fanke masu zabibi a ciki sukan zo da giya, alawa mai danƙo kuma sau da yawa da sinadarin alade ake yin ta. Karanta bayan kwali zai zame miki jiki. Akwai kuma al'adar jefa ƙuri'a, kowa ya zaro sunan wani ya saya masa 'yar kyauta a ɓoye, yawanci ta fam biyar ko goma. In za ki shiga, ki faɗa wa mai shiryawa ba kya shan giya, in ba haka ba kwalba za a naɗo miki da kyakkyawar niyya.

Ta fannin kuɗi, watan yana da fuska biyu. Bizar ɗalibi mai digiri tana ba ki awa 20 a mako lokacin karatu, a hutun da makaranta ta ayyana kuwa kina iya yin cikakken aiki, kuma kantuna da rumbunan kaya da gidan waya suna ɗibar ma'aikatan wucin gadi tun Oktoba. Amma ki duba kalandar makarantarku da idonki, kada ki bi ta bakin ƙawaye, domin wuce awa ko da kuskure ne yana iya cin biza. Ki kuma tuna yawancin kwasa-kwasai suna da jarrabawa ko aikin da za a miƙa a Janairu, hutun suna ne kawai. Ɗaya fuskar ita ce rangwame. Ƙarshen Nuwamba da ranar 26 ga Disamba kantuna suna karya farashi, mutum ya shiga neman safa ya fito da jaka uku. Kuɗin haya dai ba ya jiran kowa.

Kada ki ɓata kuɗinki a Kantin Kwari kan rigar sanyi, wadda ake sayarwa don hunturun Kano ba ta tare ruwa da iskar nan. Ki zo da ɗaya ta sauka daga jirgi, sauran ki saya a nan. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji suna da masu kyau da araha. Abin da kike buƙata shi ne kwat mai hana ruwa shiga, takalmi mai taurin ƙasa saboda santsin ƙanƙara, safar hannu, da dogon wando mai ɗumi na sawa ƙarƙashin abaya. Man shafawa mai kauri kuwa ki taho da man kaɗanyarki. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji muna shigowa da su, amma ki roƙi Umma kada ta cusa miki kilishi, dambun nama ko man shanu, an hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, ƙwacewa za a yi.

Sai turaren wuta, don na san halinki. Kowane ɗakin ɗalibai yana da na'urar jin hayaƙi, in ta yi kuka duk benen sai an fito waje cikin sanyi, wasu wuraren har tara suke ci. Gawayi a ɗaki rufe kuwa kisa yake yi, kada ki kusance shi komai sanyi. Ki wadatu da humra har ki samu gidan kanki. Kuma duk sanyin da ake yi ki riƙa buɗe taga na 'yan mintuna kullum, musamman in kin shanya wanki a ciki, in ba haka ba bango ya yi baƙin funfuna, mai gida ya cire a kuɗin ajiyarki.

Ki turo mini sunan unguwar da makaranta ta ba ki masauki, in duba miki masallaci da mahaucin halal mafi kusa, in kuma haɗa ki da matan Arewa da ke garin. In Abba yana son ji daga bakina, ya kira ni ranar Asabar bayan la'asar ɗinku, ba ni da aiki. Ki gaida Umma da kyau.

Yayarki.