Tarihin Manchester United daga 1878 ya fara ko daga 1902?

Tambaya: Malam, ana cewa an kafa Manchester United a 1878, amma na ji ba a raɗa mata wannan suna ba sai a 1902. Wanne ne daidai, kuma daga ina aka san abin da ya faru a wancan zamanin?

Amsa: Duka biyun daidai ne, ɗan'uwa. A 1878 ma'aikatan sashen ƙera taragai na kamfanin jirgin ƙasa na Lancashire da Yorkshire suka kafa ƙungiyar da sunan Newton Heath. Ta shiga gasar lig ta Ingila a 1892. Bashi ya yi mata katutu a 1902, sai attajiri John Henry Davies da wasu suka zuba kuɗi, aka sauya suna, amma ƙungiyar ba ta watse ba.

Kashi na biyu na tambayarka ya fi jan hankalina. Yawancin abin da muka sani game da shekarun farko, daga jarida ya fito. Wasan farko da aka samu a rubuce shi ne na 20 ga Nuwamba 1880, inda 'yan ajiyar Bolton Wanderers suka lallasa su da ci 6 da nema. Shekaru biyun da suka gabaci wannan kuwa, labarinsu ya yi ƙaranci ƙwarai.

Marubutan lokacin ba sa rufa wa kowa asiri. A 1893 Newton Heath ta ci West Bromwich Albion 4 da 1, sai jaridar Birmingham Daily Gazette ta zargi 'yan wasanta da mugunta a fili. Ƙungiyar ta kai ƙara, ta yi nasara a 1894, amma diyyar da aka yanke mata fadin ɗaya ce, wato rubu'in kobon Ingila na da. Wannan rahoto ya ba mu abin da teburin gasa ba zai bayar ba, wato yadda abokan hamayya ke kallon salon wasansu. Sai dai a tuna jaridar yankin su West Brom ce, don haka sai an haɗa ta da abin da jaridun Manchester suka rubuta, irin su Athletic News da aka kafa a 1875.

Da yawa cikin marubutan jaridun ba sa sa sunansu na gaskiya. J.A.H. Catton, editan Athletic News, da laƙabin Tityrus aka san shi. Al'adar ta daɗe, domin Don Davies na Manchester Guardian ma da laƙabi yake rubutu har zuwa 1958, lokacin da ya rasu a haɗarin jirgin sama na Munich, wanda ya rutsa da tawagar Manchester United. 'Yan jarida 8 suka rasu a wannan haɗari, adadinsu ɗaya da na 'yan wasan da aka rasa, kuma yana damuna yadda magoya baya ba su cika ambaton sunayensu ba.