Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa?

Malam, ka tambaya wanne daga cikin gidajen tarihin nan biyu za ka kai ɗalibanka in yini ɗaya gare ku a Kano. Ku fara da Gidan Makama, kusa da fadar sarki. Tun ƙarni na 15 aka gina shi don Muhammadu Rumfa, kuma a ɗakunansa yara za su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da tarihin zuwan Turawa a 1903.

In lokaci ya rage, ku leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a 1909. Amma kada ku je ranar Juma'a. Na taɓa gwadawa, cunkoson masu zuwa masallaci ya cinye mana rabin yinin.